Tsohon da bai yarda ya iya zane ba

Jiya wani abokina ɗan shekara 36 yake ce min wai shi kam ya tsufa da koyon sabuwar sana'a, lokaci ya wuce. Dariya kawai nayi, sai Hokusai, wani mai zane ɗan ƙasar Japan, ya faɗo min a rai.

Ko baku san sunan ba kun san aikinsa, wannan hoton ƙatuwar igiyar teku shuɗiya da ta buɗe farata kamar zata haɗiye kwale-kwale uku, can nesa kuma dutsen Fuji ya yi ɗan tsugul. A birnin Edo aka haifi mutumin a 1760, wato Tokyo ta yanzu, kuma lokacin da hoton ya fito wajen 1831 ya kai shekara 70 fa. Saba'in!

Kuma ba a hutu ya yi shi ba, jikansa ya tara bashi ya bar masa, talauci ya masa katutu, gida ma an ce ya sauya sau 93, suna kuwa wajen 30 ya yi amfani da su. Gobara ta zo a 1839 ta cinye masa kaya, ya ci gaba da zane abinsa tare da 'yarsa Oi, ita ma gwana ce ta gaske.

Aikin kansa wahala ce zalla. Shi zai zana a takarda, masassaƙi ya manna ta a jikin katako ya sassaƙe, kowane launi da katakonsa daban, sannan mai bugu ya shafa launi ya danna takarda da hannu ɗaya bayan ɗaya kamar buga hatimi. Dubbai aka buga, talaka na saya a kuɗin kamar kwano biyu na taliya. A 2023 an sayar da guda ɗaya a New York sama da dala miliyan 2.7, yanzu haka ma hoton na bayan takardar kuɗin Japan ta yen 1000.

Amma ni ba kuɗin ne ya tsaya min ba, maganarsa ce. Da hannunsa ya rubuta cewa duk abin da ya zana kafin 70 bai kai a kula shi ba, sai ya kai 110 ne kowane ɗigo zai yi rai. Bai kai ba, a 1849 ya rasu yana gab da 90, kuma an ce yana kwance ma roƙon ƙarin shekara goma yake, ko biyar ma, wai ko zai zama mai zane na gaskiya.