Ba cikin kofin shayi kaɗai sukarin yake ba

Jiya bayan la'asar na je duba wani maƙwabcina na kasuwa da aka yanke wa yatsu biyu na ƙafar dama. Ƙusa ce ta soke shi ta cikin silifa, bai ji ba, sai da wurin ya fara wari. Ina zaune aka kawo masa abinci: malmala uku ta tuwon alkama, ƴar miya a gefe, ga kwanon fura. Matarsa ta ce mini daga bakin ƙofa, "Wallahi Alhaji, shekara huɗu ke nan ko ƙwayar sukari ba ta shiga bakinsa ba." Na yarda da ita. Na kuma san da ƙauna ta tuƙa tuwon nan, da tsada ta sayi alkamar. Abin da ya hana ni barci ke nan har na ɗauki waya na rubuta wannan.

Ni ma ina da ciwon sukarin, wato diyabet, shekara shida yanzu. Ya fara mini da ƙishirwar da randa ba ta kashewa, da tashi fitsari sau biyar a dare, da gajiya tun hantsi. Da aka auna ni a likita da safe ban ci komai ba, aka samu sukari gram 2,40 a litar jini. Mai lafiya ba ya wuce 1,10, kuma in aka samu 1,26 ko fiye har sau biyu, to diyabet ce. Aka rubuta mini maganin metformin, aka ce in bar sukari. Na bari kuwa. Shayi ba sukari, kunu ba sukari, lemon kwalba na yi sallama da shi. Bayan wata uku na koma, awon ya sauka kaɗan ya tsaya. Na ji kamar an yaudare ni.

Wata malamar jinya ce, Allah ya saka mata da alheri, ta zaunar da ni ta ce, "Baba, faɗa mini abin da ka ci jiya tun daga safe." Na lissafa mata: burodi da shayi, fura da hantsi, shinkafa da taliya da rana, tuwon masara da dare. Ta ce duk sunansu ɗaya a cikin hanji. Gero, dawa, masara, shinkafa, alkama, rogo, doya, dankali, duk sitaci ne, kuma sitaci sukari ne da aka ɗaure shi kamar ƙwayoyin carbi. Da ya sauka ciki sai jiki ya tsinke zaren, ƙwayoyin su watse cikin jini. Wanda bai yarda ba ya tauna gutsuren burodi ya daɗe bai haɗiye ba, zai ji zaƙi ya fito.

Akwai wata gaɓa a bayan ciki da ke fitar da insulin, shi ne ke buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. Mu masu nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, insulin ɗin yana nan amma jiki ya daina jin maganarsa, ballantana in tumbi ya yi kitse. Sai sukarin ya yi ta kewaya cikin jini shekara da shekaru yana cin ƙananan hanyoyin jini na ido da na ƙoda, yana kashe jijiyoyin ƙafa. Abin da ya sa maƙwabcina bai ji ƙusar ba ke nan.

Ban gaskata malamar jinyar gaba ɗaya ba sai da na sayi ƴar na'urar da ake huda yatsa. Tsinkayen awon suna da tsada, don haka na yi tattalinsu: abinci ɗaya nake gwadawa a rana, awa biyu bayan na ci. Abin da ake so a wannan lokaci shi ne kada ya wuce 1,80. Fura da nono ba sukari ta kai ni sama da gram biyu da rabi. Tuwon alkama, wanda kowa a Maradi yake kira abincin masu sukari, bai bar tuwon masara da nisa ba. Ranar da na ci kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da dafaffen ƙwai biyu, 1,40 na gani. Tun ranar ban ƙara gardama da kowa ba. Haka zuma, da ake ta ba marasa lafiya da cokali: zuma mai albarka ce, amma ga jinin mai diyabet sukari ce.

Kada wani ya ce na zagi gero. Da shi aka yaye mu, da shi kakanninmu suka rayu har tsufa. Sai dai kakana in ya sha fura da hantsi, komawa yake yi gona da hauya har azahar, kakata kuma da hannunta ta sussuke geron, ta surfa, ta daka, ta ɗebo ruwa a rijiya. Furar ba ta samun wurin zama a jininsu. Ni kuwa jikansu, moto ke kai ni babbar kasuwa, in zauna bisa tabarma daga safe har magariba, yaro ke miƙo mini yadi, yaro ke sayo mini abinci. Kwano iri ɗaya da nasu, aikin ko rubu'i bai kai ba.

Abin da na yi shi ne juya kwanon. A da tuwo ne abinci, miya rakiya take yi. Yanzu miya da ganye su ne abincin, tuwo bai wuce dunƙulen hannuna ba, kuma sau ɗaya a rana. Da safe ƙwai da albasa da tumatir, ko awara. Da rana kwaɗo, wata rana zogale, wata rana rama ko kabeji, ko dafaffen wake da ɗan mai. Wake ma yana da sitaci, amma a hankali yake shiga jini, ga riƙon ciki. Da dare miyar kuka ko kuɓewa cikin kwano babba, da kifi in an kawo na Madarunfa. In yunwa ta taso tsakani, gyaɗa cikin tafin hannu, ko gauta, ko nono tsagwaronsa. Lokacin mangwaro rabin ɗaya nake sha bayan abinci, in bar wa yara sauran.

Na san akwai gidan da babu zaɓi, abin da ke cikin rumbu shi ake tuƙawa, kuma nama ba na kullum ba ne ko a gidana. Amma ku duba abin da na lissafa. Zogalen Jiratawa yana shigowa garin nan buhu-buhu. Ƙuli-ƙuli, a garin da gyaɗa ta gina, ba sai an nema ba. Wake muna nomawa har a loda shi zuwa Najeriya. Abincin talaka ne tsaf, kuma a nan matsalar take. Mun ɗauki ganye abincin shekarar yunwa ne, ko abin marmarin mata da rana. Alhaji ba zai yarda a gan shi a bakin shago da kwanon kwaɗo ba, gara a ga shinkafa da lemon kwalba, alhali kwalba ɗaya tana ɗauke da kusan ƙwayar sukari bakwai. A ganina kunya ta fi rashin kuɗi cutar da masu diyabet a garin nan.

Haka take ga tafiya a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Tsoka in tana aiki tana jan sukari daga jini ko da insulin ya yi rauni, kuma tafiyar da ta fi amfani ita ce ta bayan cin abinci. Ni bayan asuba nake fita kafin rana ta buɗe, don wanda ya san bazarar Maradi ya san ƙarfe tara ta yi latti. Da dare kuma in na ci abinci, sai in tafi isha'i masallacin da ya fi nisa. Makon farko sai da na so in fasa. Ƴan kabu-kabu suna tsayawa, "Baba, lahiya? Hau in kai ka, ba sai ka biya ba." Da na sauke kilo tara, magana ta zaga kasuwa cewa jari ya karye, wasu suka ce wata cuta nake ɓoyewa. Ƙanwata ta zo har gida tana kuka, wai an bar yayanta da yunwa. Uwargida ce ta sha wannan zargi, kuma ita ce ta fi kowa wahala wajen canza girkin. Duk mutumin da awonsa ya sauka, ku tambaya, akwai mace a madafa da ta yarda ta yi tukunya biyu.

Ramar da ake tausaya mini a kanta ita ce maganin. A wani bincike da aka yi a Birtaniya aka fitar a 2017, an sa masu nau'i na biyu sun rage nauyi sosai ƙarƙashin kulawar likitoci, bayan shekara ɗaya kusan rabinsu ciwon ya lafa har ba sa shan magani. Lafawa ce, ba warkewa ba, in nauyin ya dawo shi ma ya dawo. Ni ban kai can ba. Har gobe ina shan metformin, amma awon nan na wata uku da ake kira HbA1c ya sauka ƙasa da 7, kuma ina kwana ba tashi.

Mata kuma sun fi mu shiga matsi. Injin niƙa ya karɓi turmi, famfo ya karɓi rijiya, an bar mace da zama da haihuwa da ƙiba, ga maigida ba ya son ta fita. Ina roƙon ƴan'uwana maza, wanda matarsa ko mahaifiyarsa ke da ciwon nan, ya bar ta ta taka zuwa islamiyya da ƙafa, ko ya raka ta bayan magariba. In ba hali, kewaya tsakar gida minti goma sha biyar bayan abinci ma aiki ne.

Sai abu ɗaya da nake tsoro, kada wani ya karanta wannan ya cutu. Mai shan maganin glibenclamide ko mai allurar insulin, in ya rage tuwo bai rage magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 0,70: zufa mai sanyi, rawar jiki, gani dishi-dishi, har suma. A wannan hali sukari shi ne ceto, ƙwaya uku nan take, don haka kada aljihu ya rabu da shi, ballantana cikin azumi. Ka fara gaya wa likitanka kafin ka canza kwano. Mai ciki da mai ciwon ƙoda su ma haka. Yara masu nau'i na farko kuwa jikinsu ba ya yin insulin sam, kafin a gano shi a Toronto a 1921 mutuwa suke yi, kuma babu zogale ko sassaƙen mai lasifika da zai maye gurbin allurarsu. Mai fita tafiya ya sa takalmi rufaffe, ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare.

Jiya ban ce wa matar maƙwabcina komai ba, don ba a gaban mara lafiya da baƙi ake irin wannan magana ba. Na roƙi uwargida ta je mata ranar Juma'a da kwaɗon zogale, su yi maganar tsakaninsu. Ni kuma zan tafi da na'urata da tsinke biyu, mu auna shi bayan tuwon alkamar, washegari mu auna bayan kwaɗon, ya kai wa likitansa lambobin biyu.