Masu cewa "su koma gona", wa ya taɓa ɗaukar butar ban-ruwa a cikinku?

Tun daga 1 ga Yunin 2022, ranar da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, akwai wata magana da ta ƙi mutuwa. Duk sa'ad da aka kwashe babura aka kai su wurin niƙa, sai ka ji an ce: "To su koma gona mana, ai ga ƙasa nan." Da can daga bakin 'yan gari muke jin ta a rediyo. Yanzu har a majalisunmu na Agege da Idi-Araba ana yin ta, kuma masu yin ta galibi mutane ne da rabonsu da riƙe ƙotar fartanya tun suna firamare.

Abin da ke ƙunshe a cikin maganar shi ne wai lalaci ya raba matasa da noma, wai gona wani buɗaɗɗen gida ne da ke jiran duk wanda ya rasa abin yi. Bakin da ke faɗar haka kuma shi ne ke tafi idan 'yan Amotekun, rundunar tsaron jihohin Yarabawa, suka tare motar 'yan ci-rani a hanyar Ondo ko Oyo suka juya ta Arewa. An ce su je gona, sun kamo hanyar gonar, an ce su 'yan ta'adda ne. Ina za su sa kansu?

Wanda ke son ya san abin da ake kira noma a Legas ba sai ya yi nisa ba. Ya je gefen barikin Ojo ko kewayen Iyana-Iba da asuba. Ƙasar wurin rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, shi ya sa a rani sai an shayar da shuka sau biyu, da sassafe da kuma la'asar. Ruwan daga 'yan rijiyoyi marasa zurfi ake ɗebo shi, ana sauka cikin ramin da buta biyu, ɗaya a kowane hannu. A ƙaddara kowace buta lita 10 take ci, wato kilo 20 ke nan a kafaɗun mutum kowane sawu. A ce yaro na kula da fangali 50, kowanne na shan buta huɗu safe, huɗu yamma. Buta 400 ke nan, lita 4,000, tan huɗu na ruwa a wuni guda, ana taka rairayi da shi ba takalmi. Injin ban-ruwa zai rage wannan wahala, amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta ninka sau da yawa, masu lambu da dama sun jingine injin sun koma kan wuyan yaransu.

Kuma ba aikin ƙarfi ba ne kawai, da za a ce kowane ƙato zai iya. Irin lalo, wanda Yarabawa ke kira ewedu, ba ya tsira da kyau sai an ƙulle shi a tsumma an tsoma a ruwan zafi na ɗan lokaci an shanya. Ka wuce ƙima ka dafa irin, ka gaza ya kwanta a ƙasa ya ƙi fita. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, sai an cuɗa shi da yashi kafin a watsa, in ba haka ba ya fito a cunkushe ya yi siriri. Latas sai an yi rainonsa kamar mako uku kafin a dasa, dashen ma da yamma, don rana na kashe shi. Kashin kaji, wanda shi ne takin yawancin lambunan nan, in aka zuba shi ɗanye ƙone shuka yake yi, sai an tara shi ya huce tukuna. Baƙon hannu yakan yi asarar zagaye ɗaya ko biyu kafin ya gane waɗannan, kuma babu mai biyansa kuɗin koyo. Ga damina: ruwan Yuni da Yuli na iya shanye fangali duka a dare ɗaya, saiwa ta ruɓe, aikin wata guda ya bi kwata.

Sai feshi, wanda shi ne ya fi tayar mini da hankali. Tankin goyo mai cin lita 16, in ya tsufa bakinsa na yoyo, maganin na bin gadon bayan mai feshin yana jiƙa masa riga har ya gama. Ba safar hannu, ba takunkumi, iyaka ya ɗaura tsohon ƙyalle a hanci. Da murfin kwalba ake awo, da sanda ko da hannu ake motsawa, takardar jikin kwalbar kuma da Turanci aka rubuta ta wa mutumin da ajami ya iya. Wasu magungunan ƙwari na sa jiri da amai da zubar yawu, sai a ce zazzaɓi ne a ba shi madara ko manja ya sha ya kwanta. Maganin ciyawa mai sinadarin paraquat kuwa ba shi da makari in ya shiga ciki da yawa, huhu yake lalatawa. Kowane magani na da kwanakin da ya kamata a jira kafin a yanki ganye, amma in mai saye ta iso da motarta ba mai tuna wannan. Wato mu da ke cin ganyen ma ba mu tsira ba.

Bayan duk wannan, wa ke yanka farashi? Matan kasuwa ne ke zuwa su saye fangalin a tsaye. Sun san alayyafo in ya kai mako uku zuwa huɗu ba ya jira, ya ƙara kwanaki ya tsufa ya fid da kai. Mai lambu ba shi da ɗakin sanyi, ba shi da mota, dole ya sallama. Shi kuma lebura sai an sayar ake sallamarsa. "Kawu, kuɗin nan fa?" "Yi haƙuri, ɗana, bari a kwashe na gaba." Haka ake ta yi har Sallah ta zo. Ɗan acaɓa kuwa, duk da kamun da ake masa da haɗarin titi, da magariba zai yi balas ya ga abin da ya rage a aljihunsa, ya aika gida a daren. Yaron da ya zaɓi babur ya bar buta lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne.

Filin ma aro ne. Yawancin lambunan Legas a bakin bariki suke, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko fegin da mai shi bai tashi gini ba tukuna. Babu takarda, sai 'yan kuɗin da ake miƙa wa masu unguwa ko omo onile, wato masu cewa filin na kakanninsu ne. Ran da mai gini ya zo da katafila, ko kwana uku ya rage a yanki ganyen ba ruwansa. Wa zai haƙa rijiyar burtsatse ko ya kafa rumfar raino a filin da bai san ko zai kai watan gobe a cikinsa ba?

Manyan gonakin da ke ciyar da Legas da doya da rogo da masara kuwa, a Ogun da yankin Oke-Ogun na Oyo, sun daɗe a kan wuyan baƙi: mutanen Binin da Togo da Nijar, da 'yan Binuwai, da namu 'yan ci-rani. A tazarar mita ɗaya, kadada guda na ɗaukar tulin doya kusan 10,000, kuma kowanne da garma ake tara shi, a duƙe. Ko mutum na yin 200 a rana, kwana 50 zai yi kafin ya gama kadada ɗaya. Tsarin da aka saba da shi da 'yan Binin da Togo shi ne jingar shekara: mai gona ya ba da wurin kwana da abinci, in an yi girbi ya saya wa lebura sabon babur ya koma gida da shi. To babur ya haura naira miliyan guda. Shekaru goma da suka wuce naira ɗaya na canza sefa fiye da ɗaya. Bayan da aka bar kasuwa ta yanka darajar naira a 2023, sefa dubu ta kai sama da naira 2,000. Mutumin Parakou ko Dosso da zai yi shekara a dajin wani, ga sauro ga kasa da gamsheƙa, ya koma da kuɗin da suka zube rabi a bakin iyaka, me zai zaunar da shi? Da yawa sun tafi, masu gona sun rage faɗin abin da suke nomawa, mu kuma muna kasuwar Mile 12 muna salati a kan kuɗin doya. Har da rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, wadda ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024, ta ƙara wa Barno dawaki.

Doka ma ta juya musu baya, kuma da gangan. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, Legas ta ce ita 85,000 za ta biya ma'aikatanta. Amma dokar ta cire masu aikin jinga, ta cire wuraren da ba su kai ma'aikata 25 ba, ta cire aikin da ke bin kaka da damina irin noma. Leburan gona ya faɗa cikin duka ukun. Adda ta sare masa ƙafa, maciji ya sare shi, magani ya ci masa ƙirji, iyakarta 'yan'uwa su yi karo-karo a sa shi a motar shanu da za ta koma Arewa.

Masu cewa tarakta ce mafita su gaya mana yadda tarakta za ta tsinki ganyen ugu ko ta shiga fangali mai faɗin taku biyu. Masu cewa a kori baƙi don 'yan ƙasa su samu aiki kuwa, an gwada a 1983 zamanin Shagari, ba mu ga 'yan boko sun ruga sun karɓi addunan da aka bari ba.

Ba zan wanke namu ba. Da yawa daga cikin yaran da ke lambunan Ojo da Badagry da Ikorodu ba Bayarabe ne ya kawo su ba. Wani maigida ne ɗan garinsu ya biya musu kuɗin mota, ya ce zai riƙa "ajiye musu" kuɗinsu, ba rubutu ba shaida, wasunsu ko gemu ba su fara ba. In lokacin tafiya ya yi sai a fara zare kuɗin mota, da na garin kwaki, da na maganin ran da ya yi zazzaɓi, abin da ya rage bai kai na buhun gero ba. Yaro ba zai iya ɗaga murya ba, don maigidan abokin mahaifinsa ne. Wannan zalunci ne ko da an yi shi da "ɗana" a baki, kuma malamanmu da ke wa'azi kan biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe sun san hanyar lambun.

Sarakunan Hausawa na Legas na zaman sulhu kan rigimar kasuwa da ta aure kullum. Su buɗe littafi guda da za a riƙa rubuta jinga a gaban shaidu biyu, da ranar biya. Gwamnatin jiha da ta iya gina katafaren injin casar shinkafa a Imota ba za ta gaza ware filayen lambu a Epe da Badagry ta ba da hayar shekara biyar a rubuce ba, yadda mutum zai yarda ya zuba kuɗinsa a rijiya da famfo mai aiki da hasken rana. Masu shagon maganin feshi a tilasta musu sayar da safar hannu da takunkumi tare da kwalbar, a kuma buga gargaɗin da Hausa da Yarabanci da Faransanci. Shi kuma mai cewa su koma gona, motar Iyana-Iba na tashi daga Mile 2 tun kafin kiran assalatu, akwai butocin da masu su suka tafi suka bari.