The Smiths ta watse tun 1987, masoyanta ba su watse ba

Shekara biyar kacal ƙungiyar mawaƙan Ingila ta The Smiths ta yi a raye. An kafa ta a Manchesta a 1982, ta fitar da kundi huɗu a kamfanin Rough Trade, ta watse a 1987. Amma har gobe mutane na niƙo gari daga ƙasashe masu nisa zuwa unguwar Ordsall da ke birnin Salford, maƙwabcin Manchesta, su tsaya bakin ƙofar wani tsohon ginin jan bulo su ɗauki hoto. Ginin na ƙungiyar matasa ta Salford Lads Club ne, kuma a nan mai ɗaukar hoto Stephen Wright ya tsayar da mawaƙan huɗu a 1985, hoton ya fito cikin kundin The Queen Is Dead a shekarar da ta biyo.

Wannan ƙauna ba banza ta zo ba. A lokacin da mawaƙan Ingila ke ta ado da nuna isa, Morrissey, babban mawaƙin ƙungiyar, ya fito yana rera waƙar kaɗaici, da kunya, da zaman kashe wando, abin da matasan arewacin Ingila ke fama da shi a zamanin Firaminista Margaret Thatcher. A Nuwamban 1983 ya hau shirin talabijin na Top of the Pops yana kaɗa damin furanni. Yakan sa tabarau irin na talakawa wanda asibitin gwamnati ke bayarwa a lokacin. Yaron da ake wa dariya a makaranta ya ga ɗan uwansa a talabijin, daga nan masoya suka fara zuwa wasa da furanni a hannu.

Wanda bai taɓa lura da yadda suke yi ba zai ɗauka hayaniya ce kawai, alhali abin yana da tsari. Masu son sahun gaba kan kwana a bakin zaure. Su da kansu suke riƙe jerin sunaye, a rubuta wa kowa lambarsa a bayan hannu, a riƙa kiran suna lokaci-lokaci, wanda ba ya nan ya rasa gurbinsa. Da an buɗe ƙofa sai gudu zuwa shingen ƙarfe. Tsakanin shingen da dandamali akwai ɗan fili da masu gadi ke tsayawa, nan ne wurin gwagwarmaya. Sai wajen waƙar ƙarshe ake fara haurawa: na baya su ɗaga mutum, ya tsallake shinge, ya zille wa masu gadi, ya rungumi mawaƙin na daƙiƙa biyu kafin a janye shi. Idan ya tuɓe riga ya jefa cikin taro, ba mai tafiya da ita ɗungurungum. Hannu goma ke kamawa, a yayyaga, kowa ya koma gida da ƙyalle kamar faɗin tafin hannu. A Disamban 1988, wasan Morrissey na farko bayan watsewar ƙungiyar, a Wolverhampton, kuɗin shiga shi ne ka zo sanye da riga mai hotonsa ko na The Smiths. Waɗanda suka zo sun fi ƙarfin zauren nesa ba kusa ba.

Inda ake samun matsala a bayyane yake. Mutum ɗaya ya wuce gona da iri, dubbai su yi asara. A Liverpool a Nuwamban 2009 wani ya jefe shi da robar abin sha a kai yana cikin waƙa ta biyu, ya sauka bai dawo ba. A San Diego a 2018 masu haurawa suka yi masa ca da ƙarfi, wasan ya tsaya nan. Ga kuma yawan soke wasa da aka san shi da shi. Kuɗin tikiti ana mayarwa, amma na jirgi da na masauki sun tafi ke nan, shi ya sa tsofaffin hannu ba sa kama ɗakin da ba a iya fasawa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babban abin da ya raba kan masoyan shi ne bakin mawaƙin. Tun 1992, da ya yafa tutar Birtaniya a wani wasa a Finsbury Park da ke Landan, jaridar waƙa ta NME ta tuhume shi da wasa da wutar wariyar launin fata. A Mayun 2019 ya fito a talabijin ɗin Amurka maƙale da tambarin For Britain, jam'iyyar da aka gina kan adawa da Musulunci. Shagon faifai na Spillers da ke Cardiff ya daina sayar da kayansa. Abin ya fi ciwo idan aka tuna cewa shi kansa ɗan baƙin haure ne, iyayensa daga Dublin suka zo, kuma masoyansa mafi riƙo a yau 'ya'yan 'yan Meziko ne mazauna Los Angeles, birnin da ya keɓe masa ranar 10 ga Nuwamban 2017 don girmamawa.

A ganina masoyin da ke nema masa uzuri a kan kowace magana ya yi kuskure, domin ya mayar da ƙauna bauta. Wanda waƙoƙin nan suka tsamo daga kaɗaici ya fi kowa cancantar ya ce a'a idan aka nuna wa wasu ƙyama. Sai dai wanda ya zubar da faifansa gaba ɗaya shi ma ya yi jifan gafiyar Ɓaidu, don The Smiths ba ta mutum ɗaya ba ce. Johnny Marr ne ya tsara kiɗan. Andy Rourke, wanda ya rasu a 2023, da Mike Joyce mai ganga su suka riƙe ƙashin bayan sautin, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin faifai da wasanni ake ba kowannensu, har sai da Joyce ya je kotu a 1996 ta tabbatar masa da kashi 25. Masoyan da ke kiran sunan mutum ɗaya suna maimaita wannan rashin adalcin ba tare da sun sani ba.

Ginin Salford kuwa bai daina aikinsa na asali ba, yaran unguwa na zuwa dambe da ƙwallo. Tun 2004 aka ware ɗaki guda don masoyan The Smiths, bangonsa cike da hotuna da 'yan takardun da baƙi ke liƙawa. A 2024 da rashin kuɗi ya kusa sa a rufe wurin, fam 250,000 aka nema. Morrissey ya ba da 50,000, jama'a da sauran masu hali suka cike ragowar, ƙofar ta ci gaba da zama a buɗe.