"Ku Kai Shi Bauchi" Ba Amsa Ba Ce

Ni dai ba zan yi wa hedimastan nan da ya ƙi karɓar yaro kurma a makarantarsa uzuri ba, kuma masu shigo mini da "ai shi ma ba laifinsa ba ne" su haƙura, yau ba ma tare. Labarin ya fito ne daga muryar uwar yaron da aka yi ta turawa. Uwa ta wanke ɗanta, ta ɗinka masa yunifom da ribar ƙuli-ƙulinta, ta riƙo hannunsa har ƙofar ofis, kai kuma hedimasta ka dube ta ka ce, "Wannan ba namu ba ne, ku kai shi Bauchi." Yaro ɗan shekara bakwai, ƙafarsa lau, idonsa lau, hankalinsa garau, ji ne kawai sanƙarau ya tafi da shi. In ba naka ba ne, to na wa ne? A garin aka haife shi, a garin aka yanka ragon sunansa, makarantar kuma ta gwamnati ce, ba gadon gidan kowa ba.

Ku kai shi Bauchi. Wallahi wannan maganar ta fi kora da bulala ciwo, domin bulala ka san an kore ka, wannan kuwa sai uwa ta koma gida tana zaton shawara aka ba ta.

Na san inda ake nufi. Makarantar masu buƙata ta musamman da ke Yelwa ake nufi, inda ake koyar da kurame da makafi, kuma ina jinjina wa malaman da ke aiki a can, Allah ya saka musu da alheri. Amma jama'a, ƙananan hukumomi 20 ne a jihar nan. Mai zaune a cikin garin Bauchi yana furta "Yelwa" kamar bayan gidansu ne. Ka tambayi mutumin Sakwa ko na Udubo. Sai ya fito Azare tukuna, ya bi ta Misau, ya faɗa Kari, ya wuce Darazo, kafin ya hango duwatsun Bauchi rana ta yi nisa, kuɗin motar mutum biyu zuwa da dawowa kuma ya cinye abin da zai ci da iyalinsa na kwanaki. A ce ma ya samu kuɗin. Wace uwa ce za ta ajiye ɗan shekara bakwai a makarantar kwana, yaron da in cikinsa ya yi ciwo da dare ita kaɗai ta san alamar da yake yi, ta juya ta hau mota hankalinta kwance? Ku da kuke da 'ya'ya, ku faɗa mini tsakaninku da Allah. Kuma ko da duk iyayen jihar nan sun yarda sun kwaso 'ya'yansu, wane gini ne zai ɗauke su? Shi ya sa duk wanda ya ce wa talakan ƙauye "ku kai shi Bauchi" ya san sarai ba Bauchi yaron zai je ba. Gida zai koma, daga gida sai tasha da kwano a hannu.

Makarantar garinsu ce makarantarsa. Nan zan tsaya, nan zan kwana.

Kuma ba ra'ayina ne kawai ba. Tun 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta ce karatun shekara tara, firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne a kan kowane yaro. Ba ta ware mai ji da marar ji ba. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ba su karatu kyauta har ƙarshen sakandare, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna musu bambanci, naira miliyan ɗaya ga kamfani ko ma'aikata. Ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara yadda mai keke zai iya shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. A 2020 aka kafa hukumar naƙasassu ta ƙasa. Mu nan Bauchi ma muna cikin jihohin da suka riga tarayya yin tasu dokar, har da hukumar da ke kula da su. Takarda dai ba mu rasa ba. Abin da muka rasa shi ne ta sauka daga Abuja da Bauchi ta isa teburin hedimastan da ke ƙauye, ya san cewa abin da ya yi laifi ne mai hukunci.

Masu cewa malamanmu ba su da horo, na ji ku. Gaskiya ne ƙwararrun malaman kurame da makafi sun yi mana kaɗan. Kwalejin tarayya da aka keɓe don wannan fanni tana can Oyo tun 1977, sai sassa irin waɗanda ke Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero ta Kano. To sai me? Rashin ƙwararre ya hana ka rubuta sunan yaro a rajista? Ya hana ka zaunar da shi a bencin gaba? Ya hana malami ya riƙa fuskantar aji in yana magana don yaron ya ga bakinsa, ya rubuta a allo abin da ya faɗa? Wane digiri ake nema kafin a yi wannan?

Ɗan yayata kurma ne, don haka ba labari nake ji ba. Uwarsa ko firamare ba ta gama ba, amma in ka zauna a tsakar gidansu za ka sha mamaki. In ta dunƙule yatsu ta kai baki, tuwo ya sauka. In ta shafa haɓa, babansa take nufi. In ta ɗaga tafuka biyu daidai kunne, lokacin salla ya yi. Shi kuma in yana ba ta labarin akuyar da ta tsinke igiya ta shiga gonar maƙwabta, da hannu da gira da kumatu yake yi, har sai ta riƙe ciki don dariya. Ƙannensa da suka taso suka same shi, babu wanda ya zaunar da su ya koya musu, amma duk suna maganar hannu da shi, har faɗa suna yi da ita. Yaran unguwa ma sun ɗauka. To abin da matar da ba ta gama aji shida ba ta iya, abin da 'yan shekara biyar suka iya a filin ƙwallo, shi ne mai takardar NCE zai ce ya gagare shi? Ban ce wannan ya wadatar ba. Yaro na buƙatar cikakkiyar maganar hannu da malamin da ya san aikinsa, kuma yana buƙatarta da wuri, domin shekarun farko ne ƙwaƙwalwa ke kama harshe, in suka wuce a banza wahalar ta ninka. Amma wannan hujja ce ta a gaggauta karɓarsa, ba ta a mayar da shi gida ya jira ba. Muna da kwalejin ilimi a Azare, muna da ta Kangere. Me zai hana a riƙa ɗibar malamai daga kowace gunduma lokacin dogon hutu a koya musu maganar hannu da rubutun Braille na makafi, su dawo ko da mutum ɗaya ne ya riƙa zagaya makarantu uku ko huɗu a kan babur?

Sai masu cewa lafiyayyu ma ba su samu ba, ajinsu babu rufi, a ƙasa suke zama. Wannan ita ce maganar da ta fi ɓata mini rai. Wato layi ne, sai masu ji da gani sun ƙoshi sannan a waiwayi kurma? In a ƙasa ake zama, shi ma ya zauna a ƙasan tare da sa'o'insa. In rufin na yoyo, ya jiƙe tare da su. Ba gata muka roƙa masa ba, rabonsa na wannan ƙasar da wannan yoyon muke nema.

Maganar babu kuɗi kuwa, ku bar ni da ita. A kason da hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, ke rabawa akwai kashi 2 cikin 100 da aka ware musamman don ilimin yara masu buƙata ta musamman. Ya kamata kowane kansila da kowane ɗan majalisar jiha ya iya faɗa mana me ya iso mazaɓarsa daga ciki. Sannan ku duba sababbin ajujuwan da ake ginawa, da fentinsu da allon ɗan kwangila a gaba. Da yawansu matakala ce a bakin baranda, babu ɗan gangaren simintin da keke zai hau. Buhun siminti nawa gangaren nan zai ci a kan ginin miliyoyi? Na taɓa tsayawa ina kallon wata yarinya da shan inna ya taɓa, ta murzo kekenta mai fedar hannu cikin yashi har bakin aji, ta sauko, ta tura jakarta gaba, ta sa silifa a tafin hannu ta rarrafa matakalar, farin hijabinta na share ƙasa. Kullum haka. Ban ɗaki kuwa rami ne da ba ta iya tsugunawa a kai, sai ta ƙi shan ruwa tun asuba don kada fitsari ya kama ta kafin a tashi. Wannan ba rashin kuɗi ba ne. Wanda ya zana ginin bai taɓa kawo ta a ransa ba.

Abin da muka iya shi ne rabo. A tara guragu a rana, a jera kekuna, a ɗauki hoto, a sa a Facebook, mu cika ƙasan da "Allah ya ƙara arziki". Ban hana sadaka ba, keke na da amfani, mai bayarwa Allah ya ba shi lada. Amma keken ina zai kai yaron in makarantar ta ce ba nata ba ne? Mun saba ganin naƙasasshe a matsayin wanda ake miƙa wa, har zuciyarmu ta daina hango shi da alli a hannu ko a bayan tebur. Alhali dokar 2019 ta ce a ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Da wace takarda za su nemi aikin in tun aji ɗaya aka tare musu ƙofa? Hukumar JAMB ma tun 2017 ta yi wa makafi tsarin jarrabawa na musamman, kuma suna rubutawa suna shiga jami'a. Ƙofar sama a buɗe take, ta ƙasa muka toshe.

Kuma don Allah a daina fakewa da ƙaddara. Sanƙarau ƙaddara ne, mun karɓa. Korar yaro daga makaranta aikin hannun mutum ne, kuma za a tambaye shi. Mu da muke karanta Suratu Abasa a salla, mun san a kan wa ta sauka: Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ya zo neman ilimi. Shi ne daga baya ya zama ladan tare da Bilal, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha barin sa ya kula da Madina in zai yi tafiya. Da wane ido za mu karanta wannan sura da asuba, da hantsi mu ce wa mai neman karatu ba namu ba ne?

Ke kuma baiwar Allah, in wannan rubutu ya iso gare ki ko wani ya karanta miki, ki share hawayenki. Ba ki yi abin kunya ba, ke ce kika fi mu duka. Akwai gidajen da ake kulle irin waɗannan yara a ɗaki in baƙi sun zo, akwai 'yan mata kurame da ake ɓata wa rayuwa don an san ba za su iya faɗar sunan wanda ya yi ba, akwai masu taɓin ƙwaƙwalwa da ke ɗaure da mari. Ke fito da naki kika yi da rana tsaka, da sabon yunifom. Ki koma ranar Litinin, amma kada ki koma ke kaɗai. Ki tafi da mai unguwa da shugaban kwamitin iyaye na makarantar. In an sake cewa Bauchi, ki ce a rubuta miki a takarda a sa hannu, za ki ga yadda magana za ta canja. Daga nan sai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Ki nemi 'yan ƙungiyar naƙasassu ta JONAPWD, sun san hanyar hukumar jiha. Sarkin makafi da sarkin guragu na garinku ma kada ki raina su, sun san kowane gida da ke da irin wannan yaro fiye da kowane ofis. In hali ya yi, ki kai shi sashen kunne na asibitin koyarwa da ke Bauchi ko babban asibitin tarayya na Azare a auna jinsa, domin wani yaron akwai sauran ji a kunnensa, na'urar ƙara ji na iya taimaka masa.

Tunda maganar asibiti ta shigo, bari in faɗi wani abu da ke cina. Iyaye, ku rage kai yara kemis a yi musu allura daga an ji jiki ya yi zafi. Akwai allurai irin su gentamicin da in aka yi su barkatai suna kashe ji, kuma ba ya dawowa. Jariri in idonsa ya yi ɗorawa a kwanakin farko, shawara ce, ba a jira sai an yi suna, ba a tsaya jiƙe-jiƙe, domin in ta hau kai tana barin yaro da kurumta ko sanƙarewar gaɓoɓi. Lokacin zafi kuma, watan Maris da Afrilu, yaron da ya yi zazzaɓi wuyansa ya ƙage, a ranar ake fita da shi ko da a amalanke ne.