Motar haya mai batir: a fara da hanyar Mirya, a bar ta Yamai tukuna

Duk wanda ya nemi motar zuwa ƙauye a watan Maris na 2025, lokacin da esansi ya yi wuya a nan Nijar, ba sai an ba shi labari ba. Motoci sun yi layi a gidajen mai, kuɗin mota ya tashi, mai kayan miya ya rasa yadda zai kai tumatirinsa kasuwa kafin ya ruɓe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu mutanen Damagaram matatar mai na bayan gidanmu. SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 tana tace ganga 20,000 a rana, ba ta wuce tafiyar kilomita hamsin da 'yan kai daga gari ba. Amma tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, man ruwa-ruwa da ke cike giɓi ya ja baya, nauyin duka ya koma kan matata ɗaya, ita kuwa ba a gina ta don ta ɗauki wannan nauyi ba.

Tun daga lokacin nake bibiyar labarin ƙananan motocin ɗaukar kaya da na fasinja masu aiki da lantarki, irin girman Hiace ɗinmu ta tasha. Ra'ayina a yau shi ne sun isa a gwada su a Damagaram, amma a gajerun hanyoyi, da wutar rana, kuma da idonmu a buɗe kan batirin da za a sayar mana.

Ba sabon abu ba ne, ko da yake haka ake tallata shi. A Ingila an shafe shekaru da dama a ƙarnin da ya wuce ana rabon madara gida-gida da asuba da 'yan motoci masu batir. Ba su da gudu, ba sa nisa, amma aikin bai buƙaci gudu ko nisa ba: unguwa ɗaya ce kullum, a tsaya nan a tsaya can, a koma gida a jona wuta. Da aka dawo kan maganar a wannan zamani, ta nan aka sake shigowa. Renault ta fito da Kangoo mai lantarki a 2011. Nissan ta biyo da e-NV200 a 2014, har da mai kujerun fasinja, sai dai batirinta na farko kilowat-awa (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) 24 ne kacal, a takarda kilomita 170, a kan hanya da kaya kuwa ƙasa da haka sosai. A 2014 ɗin ne kuma gidan wayar Jamus ya sayi wani ƙaramin kamfani mai suna StreetScooter don ya ƙera wa kansa motocin rabon saƙo, saboda manyan masu ƙera motoci ba su ba shi abin da yake so ba. A 2019 kamfanin Amazon ya yi odar motoci 100,000 daga kamfanin ƙera motoci na Rivian. Zuwa 2022 Ford ta fito da E-Transit mai batir kilowat-awa 68 da ke haura kilomita 300 a gwaji, Volkswagen kuma ta fito da ID. Buzz ta ɗaukar iyali.

Abin da ya kawo wannan sauyi batir ne. A 2010 kilowat-awa ɗaya na batir ya haura dalar Amurka 1,000. A 2024 matsakaicin kuɗinsa ya sauko wajen dala 115. Kamfanonin Sin sun yawaita wani nau'i da ake kira LFP, wanda ba ya buƙatar kobalt, ya fi araha, ya fi jure yawan caji, kuma ba ya saurin kama wuta. Ga ƙasa mai zafi irin tamu wannan nau'in ne abin dubawa.

Idan aka lura, duk inda waɗannan motoci suka yi nasara abu ɗaya ne ya haɗa su: an san hanyar da mota za ta bi, an san tsawonta, an san inda za ta kwana. To wace mota ce ta fi motar haya ta tasha cika waɗannan sharuɗɗa? Daga Zinder zuwa Mirya kilomita 18 ne. Takeita wajen 50. Matamaye da Magarya ba su kai 100 ba. Direban da ke Mirya ya yi sawu huɗu zuwa da dawowa bai kai kilomita 160 a yini ba. Ga kuma zirga-zirgar cikin gari, daga Birni zuwa Zango, daga Karkada zuwa kasuwar Dole, ga ɗaliban jami'ar André Salifou da kullum suke hannun 'yan kabu-kabu, ga motocin rabon burodi da ruwan leda da magani.

Bari mu yi lissafin tasha. Tsohuwar Hiace mai esansi, da cikakken lodi, tana shan wajen lita 12 a kilomita 100. A kuɗin lita sefa 499 da gwamnati ta tsayar a watan Yulin 2024, jika shida ke nan. Mota mai batir mai wannan girma tana cin kilowat-awa 25 zuwa 30 a wannan nisa. Mu ɗauka an sayar wa direba kowane kilowat-awa a sefa 150, don mai wurin caji ya samu riba: kusan jika huɗu zuwa huɗu da rabi. Ribar ba ta tsaya nan ba. Babu juyen baƙin mai, babu kulochi, babu salansa, babu kaburetan da ƙura za ta toshe, birki ma ya fi daɗewa domin injin ne ke rage gudu yana mayar da wuta cikin batir. Wanda ya taɓa riƙe motar haya ya san rabin abin da ake samu a gareji yake ƙarewa.

Na san tambayar da ke bakin mai karatu, kuma tambaya ce ta gaskiya: da wace wutar? Kuran ɗin Zinder da Maraɗi ya daɗe yana dogara da layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, aka shafe watanni a haka har sai bayan da aka ɗage takunkumi a watan Fabrairun 2024. Ko ba takunkumi, kowa ya san yadda wuta take a watan Afrilu da Mayu. Wanda zai ce a jona motoci ashirin kowane dare a kan wannan layi, alhali asibiti da masu niƙa da masu walda suna jira, bai yi wa garin adalci ba. Idan kuma da janareta mai gazuwal za a yi cajin, an gudu ne ba a tsira ba.

Don haka nake cewa rana. Allon sola mai ƙarfin kilowat ɗaya a yankinmu yana ba da kilowat-awa huɗu da rabi zuwa biyar a yini. Motar da ke cin kilowat-awa 45 a yini tana buƙatar alluna kamar ashirin irin manyan nan da ake sayarwa yanzu. Rumfa ɗaya ce mai kyau. A rufa filin tasha da irin wannan rumfa, fasinja su samu inuwa, motoci su samu wuta. Akwai kuma wani abu a ɗabi'ar tasharmu da ya dace da wannan tsari fiye da na Turai: motarmu ba ta tashi sai ta cika. Direba yana sa mota a layi, ya yi awa ɗaya ko biyu yana jiran 'yan kamasho su cika ta gabansa. Wannan zaman da muke ɗauka asarar lokaci, shi ne lokacin caji, kuma da tsakar rana yake faɗowa, sa'ad da alluna ke kan ƙarfinsu. Na'urar caji mai kilowat 30 za ta zuba wa mota wutar kilomita 100 cikin awa guda.

Ba na ɓoye wahalarsa. Ƙurar hunturu tana rufe alluna, dole a riƙa share su, kuma a garin da mata ke kwana a bakin famfo ba za a ce a wanke su da ruwa kullum ba. Sai dai burushi mai laushi da ɗan ruwa jefi-jefi. Za a buƙaci babban batir na ajiya a tashar saboda sawun asuba da ranakun hazo. Duk wannan kuɗi ne, kuma a farko ake biyansa gaba ɗaya.

Sai zafi. Batir ba ya son zafi, mu kuwa muna haura digiri 40 makonni a jere. A 2012 masu motar Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka sun koka cewa batirinsu ya yi rauni da wuri, domin ba a yi masa hanyar sanyaya shi ba. Duk motar da za ta shigo Damagaram dole batirinta ya zama mai na'urar sanyayawa. Haka nan lodi. Motar da aka ƙera don mutum goma sha biyar, mu muna sa goma sha tara, a ɗaura buhunan gero da awaki a sama. Kowane buhu yana rage nisan da batir zai kai. Shi ya sa na ce a bar maganar Yamai mai nisan kusan kilomita 900, da Agadas mai wajen 450. Motar da man ta ya ƙare tsakanin Tanut da Adarbisanat, jarka ɗaya ta tashe ta. Wadda batirinta ya ƙare a can, sai an jawo ta. Waɗannan hanyoyi na gazuwal ne har zuwa wani lokaci mai tsawo, kuma duk litar da ba a ƙona a hanyar Mirya ba, ta samu ga manyan motocin da ba su da wani zaɓi.

Abin da ya fi damuna dai shi ne kasuwar gwanjo. Kusan duk motar da ke tasharmu wani ya gama morarta a Turai ko wata ƙasa kafin ta iso mu. A 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta sa 2035 a matsayin wa'adin sayar da sababbin ƙananan motoci masu hayaƙi, kuma ko da an sassauta ta, kamfanonin rabon kaya na can sun riga sun fara sauya motocinsu. Waɗanda suka saya shekaru takwas ko goma da suka wuce yanzu suke neman rabuwa da su. Ina za su nufa? Tsohuwar mota mai inji, bakanike zai tayar da ita ya saurari ƙararta, ya duba hayaƙi, ya gaya maka gaskiyarta. Mai batir kuwa fentinta na ƙyalli, ba ƙara ba hayaƙi, amma batirin ya rasa kashi uku ko huɗu cikin goma na ƙarfinsa, kuma canza shi zai iya cin kuɗin da ya kusa na motar. Mutum zai sayar da gona ya sayi abin da ba zai kai shi Magarya ya dawo ba. Mutum biyu ko uku suka ƙone a haka, shekara goma ba wanda zai sake sauraron maganar motar lantarki a garin nan. Ana iya auna lafiyar batir da 'yar na'ura cikin mintuna. Ya kamata duwan ta ƙi shigar da duk motar da ba a auna ba, a rubuta sakamakon a takardar mota yadda mai saye zai gani, kuma a tsayar da wanda zai karɓi mataccen batir kafin ya faɗa hannun yaran da ke fasa ƙarafa a bola.

Maƙwabta sun riga sun fara, kowa da irin tasa. Dakar ta buɗe layin manyan bas masu lantarki a 2024. Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin mai a 2024 ɗin, amma ita tana da manyan madatsun ruwa da ke ba ta wuta, mu madatsar Kandaji ba ta kammala ba, don haka kwaikwayonta ba namu ba ne. Wanda ya fi kama da halinmu yana Maiduguri, inda Mustapha Gajibo ya fara da cire injin ƙananan bas yana sa musu batir da injin lantarki, yana cajin su da sola. Zafinsu zafinmu ne, ƙurarsu ƙurarmu ce, matsalar wutarsu ma ba ta fi tamu sauƙi ba. Wannan hanya ta juya tsohuwar mota tana da wata fa'ida: gangar jikin Hiace, da giyarta da ƙafafunta, kanikawanmu sun san su kamar yunwar cikinsu.

Kanikawan nan su ne ba na so a manta. Batirin irin wannan mota yana ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 400 ko kusa da haka, tana kisa nan take. Yaron gareji da ya saba cusa hannu cikin inji ba zai san haɗarin ba sai an koya masa. Makarantun koyon sana'a na jihar su buɗe wannan fanni tun yanzu, su fara da masu gyaran wayoyin mota da masu haɗa sola, waɗanda dama rabin ilimin na hannunsu. Wasu za su rasa ciniki, mai juyen mai da mai sayar da esansi a kwalba, kuma gara a faɗa musu gaskiya da wuri.

Direba ɗaya ba zai iya sayen sabuwar mota mai batir ba. A Kenya kamfanin BasiGo ya rage wa masu bas kuɗin farko, suna biyan sauran gwargwadon kilomitan da suka yi, wato kamar yadda suke sayen mai kullum. Irin wannan ne zai yi aiki a nan. Ma'aikatar magajin gari ta ba da fili a tasha, sandikar masu sufuri ta tsaya wa mambobinta, banki ko wani attajirin garin ya sa kuɗin rumfa da na'urar caji. A fara da mota biyar a hanyar Mirya, shekara guda cur, ta ratsa bazara da damina da hunturu. Kowace mota da littafinta: kilomita nawa ta yi, wuta nawa ta sha, kwana nawa ta yi a gareji, nawa ya rage wa direba da yaron mota bayan an cire komai. A ƙarshen shekara a karanta littattafan nan a gidan rediyo da Hausa, direbobin Magarya da na Matamaye suna ji.