Wa ya tambayi mai jikin?

Aikina a nan Bradford, arewacin Ingila, shi ne bin gidajen tsofaffi da marasa lafiyar da ba sa iya yi wa kansu hidima. In tashe su, in taimaka musu su yi wanka su sa kaya, in ba su magani, in haɗa musu karin kumallo, in wuce gida na gaba. Na san abin da ake cewa a gida game da mu, wai mun tsallake teku mun zo wankin kashin Turawa. Akwai wankin a ciki, ban musa ba, kuma halal ɗina nake ci. Masu faɗin haka kuwa ba su taɓa mayar da kuɗin da aka aika musu ba.

Wani abu ne ya faru a gidan wani tsoho cikin hunturun da ya wuce, har yau ya ƙi barin raina.

Gidajen unguwarsu na dutse ne, sun yi baƙi-baƙi saboda hayaƙin masaƙun da, a jere manne da juna suna hawa tudu. A bakin ƙofarsa akwai wani ɗan akwatin ƙarfe a jikin bango, sai ka danna lambobin sirri ya buɗe ka ɗauki mukulli, don ba wanda zai taso ya buɗe maka. Kana shiga sai matattakala mai ƙunci da aka shimfiɗe da kafet, a gefenta wata kujera mai lantarki wadda take hawa da shi sama ta sauko da shi. A falo akwai hita, da hoton matarsa ranar aurensu, da wata kujera mai laushi da aka juya tana kallon taga. Maganinsa na mako guda yana zuwa daga kantin magani a shirye cikin wani faranti mai ramuka, kowace rana da na safe, na rana, na yamma, na dare. A wuyansa akwai igiya da wani maɓalli ja, idan ya faɗi ya danna, wata murya ta amsa masa daga wani ofishi. Ya haura tamanin, kuma a masaƙar ulu ya yi ƙuruciyarsa, lokacin da garin nan ke tunƙaho da ulu a duniya.

Ran nan na same shi numfashi sama-sama, ƙafafu sun kumbura sun cika silifas. Na kira motar asibiti, na kira 'yarsa da ke Leeds. Ma'aikaciyar da ta zo ta gama aune-aunenta, sai ta durƙusa da gwiwa ɗaya a gaban kujerarsa har idonta ya yi daidai da nasa. Ta faɗi sunanta, ta tambaye shi da wane suna yake so a kira shi. Sannan ta gaya masa kai tsaye, 'yarsa na tsaye a bayanta: zuciyarka ta gaza, ruwa na taruwa a huhunka, shawarata mu tafi asibiti yanzu, idan ka zauna kana iya mutuwa cikin kwanaki kaɗan.

Ya ce ba ya zuwa.

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta juya wajen 'yar ba. Ta ce ya maimaita mata da bakinsa abin da ya fahimta zai faru idan ya ƙi tafiya. Ya maimaita tsaf, yana tsayawa yana jan numfashi. Ya ce matarsa a asibiti ta rasu, a bayan labule, da dare, ba ya kusa, shi kuwa a kujerar nan yake so. 'Yar ta ce, “Baba, don Allah.” Ya riƙe hannunta ya ce ya ji, amma a'a. Ma'aikaciyar ta buga wa likitansa waya, aka shirya nas-nas masu zuwa gida, aka canja masa magani, aka rubuta abin da ya zaɓa a wata takarda aka ajiye inda duk wanda ya shigo zai gani. 'Yar ta shiga kicin ta yi kukanta, na bi ta na ɗora mata ruwan shayi. Ya ƙara 'yan makonni a gidansa kafin rai ya yi halinsa.

Ba kirkin ma'aikaciyar nan kaɗai ba ne, doka ce ta tsaya mata. Tun 2005 Ingila da Wales suke da doka a kan ikon mutum na yanke wa kansa hukunci. Tushenta shi ne a ɗauka duk baligi yana da wannan iko har sai an tabbatar ba shi da shi, kuma don ya zaɓi abin da kai kake gani wauta ne, ba ya nufin hankalinsa ya gushe. Abin da ake dubawa huɗu ne: ya fahimci bayanin, ya iya riƙe shi, ya iya auna shi, ya iya faɗin abin da ya zaɓa. Maimaitawar da ta sa shi ya yi, gwajin ke nan take yi a gabanmu. A 2014 kuma aka yi wata dokar da ta ɗora wa ƙananan hukumomi cewa idan za a tsara wa mutum kulawa, a fara daga cewa shi ya fi kowa sanin abin da ya dace da rayuwarsa. Mu ma ai mun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sa kowane gida na shiga akwai bayanin mai gidan a manhajar wayata, har da cokali nawa na sukari yake so a shayi, da ko yana son a buɗe labule kafin ya tashi, da abin da ke ɓata masa rai.

Kada a ɗauka haka aka haife su. Wani malami a jami'ar garin nan, Tom Kitwood, shi ya dage a shekarun 1990 cewa mai gigin tsufa mutum ne har yanzu, kuma yadda ake magana a kansa yana zaune, ana yi masa kamar jariri, yana ƙara rushe shi bayan abin da cutar ta yi. A 2013 rahoton binciken asibitin Stafford ya fito da yadda aka bar marasa lafiya cikin ƙazantarsu, ga ƙishirwa, ba mai kula su. A shekarar ce kuma wata likita 'yar yankin nan, Kate Granger, wadda ciwon daji ya kwantar, ta lura ma'aikata na zuwa kanta ba tare da sun ko faɗi sunansu ba, ta fara kamfe a kan haka har ya game asibitocin ƙasar. Ta rasu a 2016 tana da shekara 34. Kunya suka sha, suka zauna suka gyara.

Mu fa? Kun san yadda ake yi. Likita ya leƙo ya ce waye babba a cikinku, a fita baranda. A dawo fuska a sake, a ce da sauƙi, maleriya ce ta yi ƙarfi. Haka aka yi wa Kawuna. Ciwon daji ne a hanta, kowa ya sani har yaran gida, ban da shi. Watanni yana kwance ana ce masa gyambon ciki ne. 'Yan dubiya su cika ɗaki, a yi sannu, a yi Allah ya sa kaffara ne, a fita tsakar gida a fashe da kuka. Mutum ne ɗan kasuwa, akwai kuɗin mutane a hannunsa, akwai nasa a hannun mutane, yawanci ba a rubuce ba. Akwai ƙaninsa da suka yi shekaru ba sa ga-maciji. Ya rasu bai san tafiya ce ta zo ba, kuma rigimar bashin da ya bari ta raba gidaje biyu har yau.

An yi haka ne don ana son sa, wannan ban taɓa shakka ba. Amma an ƙwace masa kwanakinsa na ƙarshe, an yanke masa cewa ba zai iya ɗauka ba, mutumin da ya binne iyayensa da 'ya'yansa biyu bai karaya ba. Mu da ake karanta mana hadisin da ya ce bai kamata Musulmi mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba, ta yaya zai yi wasiyya, ya nemi yafiya, ya sauke amana, alhali an haɗa baki an rufe shi? Duk lokacin da na kawo wannan magana sai a ce na kwaso aƙidar Turawa. To a duba Bukhari. Nana A'isha ta ba da labarin yadda a ciwon ajalin Manzon Allah (SAW) suka ɗura masa magani ta gefen baki alhali yana yi musu nuni kada su yi, suka ce ai ƙin magani ne irin na mara lafiya. Da ya farfaɗo bai bar maganar ta wuce ba, ya ce duk wanda ke ɗakin sai an ɗura masa shi ma, ban da Abbas da bai halarta ba. Su ma don ƙauna suka yi.

Kuma ba a ciwon ajali kaɗai abin yake ba. Tsohuwa ta fara mantuwa tana surutai, a kulle ta a ɗakin baya kada ta ba da kunya, a wani wurin ma a fara raɗe-raɗin maita. Mace na naƙuda ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa ya ba da izinin tafiya asibiti. A takarda muna da komai: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta Najeriya ta 2014 ta ce a sanar da mara lafiya halin da yake ciki da zaɓin da yake da shi, a 2018 kuma Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya, ciki har da a yi maka bayani da harshen da kake ji. Ban ɗora wa likitocinmu laifin duka ba, wanda layi ya kai masa har bakin ƙofa ba shi da lokacin durƙusawa gaban kowa. Amma fita baranda ba rashin lokaci ba ne, mu dangi muke neman haka.

Nan ɗin ma ba aljanna ba ce. Akwai gidan da ni ce kaɗai fuskar da mai gidan zai gani ranar, kuma rabin awa aka ba ni, waya na ƙirga mini mintoci. Kaɗaici ya yi musu yawa har a 2018 gwamnati ta naɗa minista a kansa. Wanda ke da ajiyar da ta haura fam 23,250 shi zai biya kuɗin kulawarsa da kansa, wasu har gidansu ke tafiya idan suka koma gidan kula da tsofaffi. Idan na tuna barandar asibiti a gida, tabarmi da filas da kwanukan tuwo da farfesu, maƙwabciya ta karɓi kwanan yau don 'yar gida ta runtsa, sai ƙirjina ya yi nauyi. Ba su da wannan, kuɗi kuma ba zai saya musu ba. Duk da haka idan aka ce in zaɓa wa kaina, ɗaki cike da masoya da suka haɗa baki suna ɓoye mini, ko mutum ɗaya da zai dube ni ya gaya mini gaskiya ya tambaye ni me nake so, na biyun zan ɗauka. Ban ga dalilin da zai hana mu haɗa biyun ba, mu da muka riga muka mallaki mai wuyar.

Innarmu tana Funtuwa, hawan jini da ciwon sukari sun taru mata, ido kuma ya fara rauni. Muna da zaure a WhatsApp, mu 'ya'yanta, sunansa ma Lafiyar Inna. A nan ake yanke wane likita za a gani, me za ta ci, ko za ta je bikin jikarta a Kaduna. Ita kanta ba ta cikin zauren. An hana ta goro, an hana ta fita gidan maƙwabta wai kada ta faɗi, an ɗauke ta daga ɗakinta na shekara da shekaru an mayar da ita sashen Yaya. Ni da nake nesa maganata ta fi tata nauyi a zauren, saboda ni ke aika kuɗin magani. Wannan yana ci mini rai fiye da yadda zan iya faɗa.

Akwai kuma wadda ba a ko ambata. Matar Yaya ce ke tashi da dare ta kai Inna bayi, ita ke wankin zannuwa, ita ke dafa abinci kala biyu kullum, ga 'ya'yanta, ga ɗinkin da ta ajiye tun da Inna ta dawo sashensu. Ita ma ba ta cikin zauren. A nan Ingila dokar kulawa ta 2014 ɗin nan ta ba mai jinyar ɗan'uwansa haƙƙin a zo a zauna da shi a tambaye shi yadda yake ji da abin da yake buƙata. Aikin da nake yi ana biyana da awa, ina da ranar hutu, ita take yi dare da rana a kan uwata, ladanta sai dai a ce Allah ya yi albarka.

Makon jiya na ce wa Yaya a riƙa sa Inna a waya idan za a yi shawara, a gaya mata sakamakon gwajin ƙodarta yadda likita ya faɗa, a kuma samo yarinyar da za ta riƙa karɓar matarsa ko kwana biyu a mako, ni zan biya. Maganar yarinya ya amsa nan take. Ta gwajin kuwa ya yi shiru, sannan ya ce, “Ke kina can kina jinyar iyayen wasu. In kin dawo sai ki karɓe ta ki yi yadda kike so.” Ya san bizata a ɗaure take da wurin aikina, ya san ba zan iya ajiye aikin in taho in zauna ba, kuma ya san kuɗin maganin daga aikin yake fitowa. Na ce masa ranar Juma'a zan kira Inna da kaina in tambaye ta ko tana so ta ji abin da likita ya ce, in ta ce tana so zan gaya mata. Ya ce kada in kuskura. Har yanzu ba mu sake magana ba.