Ciwon tsakanin kafaɗu ba kullum olsa ba ne

A Damagaram, da mutum ya ce tsakanin kafaɗunsa na ciwo, kafin ya rufe baki an yanke masa hukunci: olsa ce ta buga baya. Sai a fara shan madara da magungunan ciki, wata da watanni, ciwo yana nan daram.

Ga mai amosanin ƙashin baya, tushen ya fi zama a gadon bayan. A sashen sama akwai ƙasusuwa 12, kowanne yana riƙe da haƙarƙari ta dama da hagu. Idan mahaɗan nan suka kumbura, numfashi mai zurfi, tari ko atishawa su ne ke tayar da ciwon. Irin wannan amosanin yakan fara kafin shekara 45, yakan tashi mutum cikin dare, da asuba kuma jiki ya sandare fiye da minti 30. Motsi ne ke sassauta shi, kwanciya tana ƙara shi. Na tsofaffi, wanda gugar gaɓɓai ke kawowa, shi aiki ne ke tsananta shi. Ga kuma naman baya da ke gajiya idan mutum ya fara ranƙwafewa, kamar telan da ke wuni kan keke a Kasuwar Dole.

Abin da ya fi ba ni haushi: diclofenac da ibuprofen da ake saye barkatai a tebur suna rage kumburin, amma yawan shansu na iya haifar da olsar gaske. In akwai rama, zazzaɓi ko gumin dare, a garzaya asibiti, don tarin fuka ma yakan kama ƙashin baya.